Na ƙara faifai biyu a kwamfuta mai Windows da Ubuntu, ta ina zan fara?

Sani Mai Kyamara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema tun kafin in yi ɓarna. Kwamfutar tebur gare ni, tsohuwar Dell ta ofis da na saya ta hannu. SSD ɗaya ne a cikinta mai 256GB, na raba shi biyu. Windows 10 na gefe guda saboda aikin tace bidiyon biki, da shi nake cin abinci, Ubuntu 24.04 kuma na ɗaya gefen don ina koyon Python da daddare. To yanzu abin ya cika maƙil, bidiyon kamu da ɗaurin aure na biki ɗaya sai ya cinye min 40GB. Jiya na leƙa Beirut Road a Kano na sayo faifai biyu, HDD mai 2TB na hannu da sabon SSD mai 500GB. Na ɗaura su, na jona wayar wuta da ta SATA, BIOS ya gan su, amma da na shiga Windows babu ko ɗaya a File Explorer. Abin da nake so shi ne duk inda na shiga, Windows ko Ubuntu, in tarar da bidiyoyina. Ya zan yi?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Rashin ganinsu a File Explorer ba matsala ba ce, faifan da ba a yanka masa ɓangare an ba shi harafi ba, ba ya fitowa a can. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc, za ka gan su a ƙasa da baƙin layi a kansu. Idan ya tambaye ka MBR ko GPT, wato tsarin da za a bi wajen yanka faifan, zaɓi GPT. MBR ba ya wuce 2TB da ɗan ɗoriya, kuma manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka. Amma dakata, kada ka yi fomatin komai tukuna. Wannan na hannun, ka duba lafiyarsa?

Sani Mai Kyamara: Oga ban duba ba. Mai shagon ya ce daga waje aka kawo, ba a daɗe ana aiki da shi ba. Sai dai wani abu na gani yanzu a Disk Management ɗin, an rubuta 1863GB, ba 2000 ba. SSD ɗin ma 465 ne. Ko an cuce ni ne?

Malama Hauwa: Ba wanda ya cuce ka a nan, Malam Sani. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024. Mudu ne ya bambanta, hatsin ɗaya ne. Inda za a iya cutarka shi ne wajen shekarun faifan. Sauke CrystalDiskInfo a Windows, ko a Ubuntu ka buɗe manhajar Disks ka duba bayanan SMART. Abu biyu za ka kalla: awa nawa ya yi a kunne, da kuma adadin gurabun da suka lalace aka musanya su, wato layi mai lamba 5.

Sani Mai Kyamara: Na duba. Awa 27,400 ya nuna. Lamba 5 ɗin sifiri ne, kuma ya rubuta Good da shuɗi.

Malama Hauwa: Shekara ɗaya awa 8,760 ce, ka ga wannan ya haura shekara uku yana juyawa ba hutu ke nan. "Ba a daɗe ana aiki da shi ba" ɗin mai shago ke nan. Amma tunda babu gurbin da ya lalace, zai yi aiki. Kada dai ka mai da shi wurin ajiya guda ɗaya tilo. Bidiyon aure ba a sake ɗaukarsa, amarya ba za ta sake zama a yi mata kamu don faifanka ya mutu ba.

Ɗan Damagaram: Ni shawarata mai sauƙi ce. Ka yi wa babban fomatin exFAT, shi ke nan. Windows na karantawa, Linux na karantawa, ko Mac ka kai shi zai karanta, babu wani ciwon kai. Duk faifan da nake yawo da su tsakanin shago da gida haka na yi musu.

Injiniya Bala: Ɗan Damagaram, a nan kam ban bi ka ba. exFAT don filash da katin kyamara aka yi shi, abin da za ka zare ka sa a aljihu. Ba shi da littafin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, wanda NTFS na Windows da ext4 na Linux suke da shi. Amfanin wannan littafin shi ne idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, da an dawo sai tsarin ya duba ya ga inda aka tsaya ya gyara kansa. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, ga Sani da kwamfutar tebur wadda ba ta da batir, ka ce ya zuba 2TB na aikin mutane a kan exFAT? Sani kana da UPS ma kuwa?

Sani Mai Kyamara: Akwai, amma batirinsa ya mutu tun bara. Da an ɗauke sai ya yi ƙara ɗaya su mutu tare.

Injiniya Bala: To ka ji. NTFS za ka yi wa babban, kuma a cikin Windows za ka yi fomatin, don gidansa ne. Linux ya daɗe yana rubutu a NTFS ta hanyar manhajar ntfs-3g, sannan tun kernel (wato zuciyar Linux) 5.15 na shekarar 2021 akwai ntfs3 a cikin kernel ɗin kansa, wanda ya fi sauri. Ext4 kuwa Windows ba ya karanta shi kai tsaye, don haka ba zai yi maka a faifan haɗaka ba.

Ɗan Damagaram: Na ji maganar wuta, gaskiya ce. Amma shekara huɗu ina kan exFAT ban taɓa rasa fayil ba.

Malama Hauwa: Laftof gare ka ai, batir ne ke rufa maka asiri.

Ɗan Damagaram: Haka ne kuma, hhh. Na janye.

Yaya Musbahu: Kun tsaya kan babban kun manta da ƙaramin, alhali a nan ne shawarar take. Sani, da ni ne kai, sai in kwashe Ubuntu gaba ɗaya in mai da shi kan sabon SSD ɗin, in bar wa Windows tsohon shi kaɗai. Kishiyoyi biyu a ɗaki ɗaya, ko da suna shiri, wata rana sai an ji kansu. Yanzu haka su biyun ƙaramin ɓangaren EFI guda suke amfani da shi wajen tashi, wanda Windows ya yanka, galibi 100MB ne. Ranar da ka sake sa Windows, shi zai sa kansa a gaba a jerin tashi, ka kunna ka nemi GRUB, allon da ke ba ka zaɓin Ubuntu ko Windows, ka rasa. Kuma ranar tana nan tafe, don tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, dole wata rana ka taɓa wannan gefen.

Yadda nake yi: in kashe kwamfuta, in zare wayar SATA daga faifan Windows da na ajiya, in bar sabon SSD shi kaɗai, sannan in sa Ubuntu daga filash. Ta haka dole ya yanka nasa ɓangaren EFI a kan nasa faifan, kuma babu yadda za a yi hannu ya kuskure ya goge abin da ba ya jone. In an gama sai in mayar da wayoyin. A Dell F12 ne ke kawo jerin zaɓi wajen tashi, a HP F9.

Injiniya Bala: Hanya ce mai kyau, amma ba dole ba ce. Yaron nan ya riga ya shirya Ubuntu ɗinsa, ya sa kayan Python, wataƙila ya sha wahalar data wajen saukewa. Zai iya yi wa sabon SSD ɗin ext4, ya kwafe /home ɗinsa, wato foldar fayilolinsa, can, ya ɗaura shi a matsayin /home. Ya samu fili ba tare da ya sake sa komai ba.

Yaya Musbahu: Sai dai hakan bai ƙara wa Windows ko 1GB ba, Injiniya, kuma Windows ɗin ne ya shaƙe. Manhajar tace bidiyo tana tara tarkacenta a C. Ga shi kuma in tsohon SSD ɗin ya mutu, duka biyun sun tafi tare. A tawa hanyar in ɗaya ya faɗi, ɗayan na tsaye, ka shiga ta cikinsa ka ceto abin da za ka ceto.

Injiniya Bala: Wannan hujjar ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Tarkacen tace bidiyo ana iya canja masa wuri a saitin manhajar. Amma batun mutuwar faifai, ka yi gaskiya. Sani, ka auna da datarka da lokacinka.

Sani Mai Kyamara: Na gode manyana. Zan bi ta Yaya Musbahu, kayan da ke Ubuntu ɗin ba su da yawa, na kwafe su a filash. Zan dawo da labari.

Sani Mai Kyamara: Jama'a na dawo, kuma ba lafiya ba. Sa Ubuntu ya tafi daidai, na mayar da wayoyi, F12 na kawo min duka biyun. Babban faifan na yi masa NTFS a Windows, na ba shi harafin D, na zuba aikin biki uku. A Ubuntu kuma kullum sai na danna shi a Files kafin ya buɗe, sai na ga wani bidiyo an ce a rubuta shi a /etc/fstab don ya riƙa ɗauruwa da kansa. Na rubuta /dev/sdb1 kamar yadda na gani. Jiya ya yi aiki. Yau da safe na kunna, filash ɗina na jone a baya na manta ban zare ba, sai kawai baƙin allo da rubutu, wai emergency mode. Da waya nake rubuto muku wannan, gabana sai faɗuwa yake. Gobe zan kai wa mutane aikinsu.

Malama Hauwa: Kwantar da hankalinka, babu abin da ya goge. Sunayen nan sda, sdb, sdc ba sunan yanka ba ne, lambar layi ce. Wanda kernel ya fara gani shi ne a, na biye b. Yau an samu sabon shiga layi, sai lambobin suka gurgusa, abin da ka kira sdb1 jiya ba shi ne sdb1 yau ba. Ubuntu ya je ɗaura abin da ka umarce shi, bai same shi yadda ka faɗa ba, shi ne ya tsaya cak yana jiranka.

A wannan baƙin allon danna Enter, zai ba ka wurin rubutu. Rubuta nano /etc/fstab, ka je layin da ka ƙara, ka sa alamar # a farkonsa, Ctrl da O sannan Enter ka adana, Ctrl da X ka fita, sannan reboot. In ya ƙi adanawa ya ce ba a rubutu, fara da mount -o remount,rw / tukuna.

Sani Mai Kyamara: Alhamdu lillahi ya tashi! Malama Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Wallahi har zufa ta jiƙa min riga.

Malama Hauwa: Amin. Yanzu mu yi shi yadda ya kamata. Buɗe Terminal ka rubuta lsblk -f, za ka ga kowane ɓangare da wata doguwar lamba a gabansa, UUID. Wannan ita ce ba ta canjawa ko ka sauya wa faifan rami. Ta NTFS haruffa da lambobi 16 ce. Ka buɗe folda da sudo mkdir /mnt/aiki, sannan layin fstab ya zama kamar haka, ka sa taka lambar a madadin tawa:

UUID=5C2A7F1E2A7EF4B0 /mnt/aiki ntfs-3g uid=1000,gid=1000,windows_names,nofail 0 0

uid da gid ɗin suna mallaka maka fayilolin, in ba haka ba sai su zama na root, wato babban mai iko a Linux. nofail na nufin ko faifan ba ya nan a ci gaba da tashi, da ka sa shi jiya da ba ka ga baƙin allo ba. windows_names kuma yana hana ka sa wa fayil sunan da Windows ba ya karɓa, kamar mai alamar tambaya ko ɗigo biyu. Linux bai damu ba, zai bar ka ka rubuta "Kamu: rana ta 2", sai ka koma Windows fayil ya ƙi buɗuwa ya ƙi goguwa. Kuma daga yau, duk sanda ka taɓa fstab, kafin ka kashe kwamfuta ka rubuta sudo mount -a. In akwai kuskure a nan zai faɗa maka, kana zaune lafiya.

Ɗan Damagaram: Malama, haruffanmu masu lanƙwasa fa, ƙ da ɗ da ɓ? Ni tsoron sa su nake a sunan fayil.

Malama Hauwa: Sa abinka. NTFS da ext4 duka suna ɗaukar Unicode, folda mai suna "Ɗaurin aure" za ta fito daidai a kowane gefe.

Baba Tsoho: Ina karanta ku tun shekaranjiya ban ce komai ba. Wanda ba ya son Terminal, manhajar Disks ɗin nan tana da wurin gyara yadda ake ɗaura faifai, ita za ta rubuta maka fstab da kanta. Mu da ido ya fara rauni ita muke bi. Amma Sani, ɗana, akwai rami ɗaya a gabanka da ba wanda ya ambata, kuma na tabbata cikin satin nan za ka faɗa.

Sani Mai Kyamara: Baba ai kamar kana ɗakin. Na riga na faɗa. Ɗazu na gama aiki a Windows na yi Shut down, na shiga Ubuntu, faifan ya buɗe ina ganin komai, amma ko folda ba na iya ƙirƙira. New Folder ɗin ma ya dushe. Na sake duba layin Malama harafi-harafi, daidai yake.

Baba Tsoho: Layin ba shi da laifi. Fast Startup ne. Tun daga Windows 8, idan ka danna Shut down ba mutuwa yake yi gaba ɗaya ba, barci ne da ido ɗaya a buɗe. Yana adana halin da yake ciki a fayil don gobe ya tashi da sauri, kuma a cikin abin da ya adana har da yadda ya bar faifan NTFS ɗin. Shi ntfs-3g da ya ga alamar mai gida bai fita ba, sai ya buɗe maka don kallo kawai. Kuma gata ya yi maka. Da ya bar ka ka rubuta, Windows zai farka da tsohon lissafinsa a ka, ya ɗora a kan sabon da ka yi, a nan ne fayiloli ke ɓacewa.

Koma Windows, buɗe Command Prompt a matsayin administrator, rubuta powercfg /h off. Wannan ya kashe hibernate da Fast Startup tare, har ma ya mayar maka da 'yan GB a C. A kan SSD bambancin saurin tashin bai taka kara ya karya ba.

Yaya Musbahu: Ƙari a kan na Baba: Restart yana rufe komai da gaske, shi ya sa wasu ke cewa abin wata rana ya yi wata rana ya ƙi. Ranar da suka bi ta Restart ya yi, ranar da suka bi ta Shut down ya ƙi, sai su ɗauka aljanu ne.

Ɗan Damagaram: Ni in ya yi min haka ntfsfix nake bugawa a Linux, nan take ya buɗe.

Baba Tsoho: Sunan ne ke ruɗar mutane. ntfsfix ba ya gyaran da chkdsk ke yi, 'yan ƙananan abubuwa yake daidaitawa, sauran ya bar wa Windows. Idan aka ɗauke wuta faifan ya ƙazantu, ka shiga Windows ka yi chkdsk D: /f, ka bar mai abu ya gyara abinsa. Kuma Sani, in wata rana ka koma ntfs3 don sauri, ka sani shi in ya ga faifai da alamar ƙazanta ƙin ɗaurawa yake yi ɗungurungum. Kada ka tsorata, maganin dai ɗaya ne.

Sani Mai Kyamara: Ya yi, Baba! Yanzu ina rubutu ta ko'ina. Saura tsohon ɓangaren Ubuntu da ke kan faifan Windows, in goge shi in ƙara wa C?

Yaya Musbahu: Goge, amma bi a hankali. A Disk Management ɓangaren Linux ba ya nuna suna ko nau'i, ka tabbata a kan faifai mai 256 kake, ba mai 500 ba, don sabon ma haka zai fito ba suna. Kafin nan shiga BIOS ka ga wanne ke gaba a jerin tashi. Tsohon GRUB na nan a ɓangaren EFI na Windows, in shi ne a gaba kuma ka goge gidansa, allon grub kawai za ka gani yana ƙifta maka ido. Sa sabon Ubuntu a gaba. In kana so Windows ya fito a jerin GRUB ba sai ka riƙa danna F12 ba, buɗe /etc/default/grub ka ƙara GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan sudo update-grub. Wani abu kuma, Extend Volume ba ya aiki sai filin na manne da C ta dama. In ƙaramin ɓangaren Recovery ya shiga tsakani zai dushe, sai dai ka mai da filin wani harafi daban.

Injiniya Bala: Tunda an zo nan, ranar da ka koma Windows 11 ka duba ko BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifai, ya kunna kansa. In ya kunna, ka rubuta lambobin ceto guda 48 ɗin a takarda ka ajiye, don taɓa saitin tashi na iya sa ya tambaye ka su. In kuma ya kulle D, layin fstab ɗin nan ba zai buɗe shi haka kawai ba.

Sani Mai Kyamara: Na rubuta a littafi. C ya koma 237GB, babu abin da ya shiga tsakani. Tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri na dame ku. Duk sanda na fito daga Ubuntu na shiga Windows sai agogo ya koma baya da awa ɗaya cif. Dama yana yi tun da, ban kula ba sai jiya, ina tace bidiyo ina kallon agogon kwamfuta wai uku saura, ashe har an idar da La'asar a masallacin layinmu.

Malama Hauwa: Agogo ɗaya ne a jikin bod ɗin, su biyu ke karanta shi da fahimta daban. Linux yana ajiye shi a kan UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, ya ƙara awa ɗaya ta Najeriya wajen nunawa, Windows kuma yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin lokacin gari. A Ubuntu rubuta timedatectl set-local-rtc 1. Zai yi maka gargaɗi, amma gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke canja agogo da rani da hunturu, mu da Nijar ba ma yi.

Abdul Kumasi: Shekara shida ina da Windows da Linux Mint a laftof ɗaya ban taɓa ganin wannan matsalar ba, har na fara cewa ku ne ba ku iya sa wa ba. Sai yanzu na gane, mu a Gana agogonmu daidai yake da UTC, babu awar da za a ƙara balle ta ɓace.

Ɗan Damagaram: Kai dai Abdul ka ci bulus.

Injiniya Bala: Sani, batirin UPS ɗin fa?

Sani Mai Kyamara: Oga sai an biya ni kuɗin bikin nan. Uwar amarya ta ce sai ta ga bidiyon tukuna, wai an ce mata ban ɗauki ɓangaren danginta sosai ba.

Malama Hauwa: To kafin ta gani, kwafe shi a wani wuri daban. Awa 27,400 fa.